Anti Rabi Ta Ce Da Sauƙi

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Anti Rabi ta rasu.

Da safen nan ina shirya yara makaranta 'yarta Ummi ta kira ni. Ko sallama ba ta yi ba, ta ce, "Anti Zainab, Mama ta tafi." Na ce ta tafi ina? Wallahi haka na tambaya, kamar sakarya.

Ga waɗanda ba su san ta ba, ita ta koya mini ɗinki a shagonta na Tudun Wada. Sarauniyar Warwara take kirana, don a farkon zuwana abin da nake warwarewa ya fi abin da nake ɗinkawa yawa.

Ranar da na lalata leshin wata kwastoma, na yanka hannun riga biyu duka na dama, matar ta zo tana zazzaga masifa. Anti Rabi ta ce ita ce ta yi kuskuren. Bayan matar ta fita ta miƙo mini ƙosai ta ce, "Ci, kuka ba ya mayar da yadi."

Da zan buɗe nawa shagon, tsohon kekenta ta ba ni. Har yau shi nake takawa.

Mutum ce da ba ta iya ƙorafi ba. Na taɓa ganin allurar keke ta huda mata farce, jini na zuba, na ce Anti sannu, ya hannun? Ta ce da sauƙi.

Kuma duk haka muke. Wane Bahaushe ne za a ce masa ya jiki ya ce babu sauƙi? Ko wanda ake ɗiga wa ruwa a baki da cokali, da sauƙi zai ce. Gaisuwa ce, da ladabi, da godiya ga Allah. Yaron goye ma ya san ba rahoton lafiya ba ne.

Likitan gidansu ne kaɗai bai sani ba, ko kuma ya ga ya fi masa sauƙi kar ya sani.

Ba zan kama sunansa ba. Yana da ƙaramin kilinik a Unguwar Sanusi, shekara da shekaru shi ke duba kowa na gidan, har suna ce masa Daktanmu. Bahaushe ne kamar mu, da wannan gaisuwar aka raine shi.

Tun bayan Sallah ƙafafunta suka fara kumbura, numfashi na yi mata wuya. Ta yi ta zuwa wurinsa, yana sallamarta da ƙwayoyi iri ɗaya.

Shekaranjiya ni na raka ta, kuma ganina da ita na ƙarshe ke nan. Daga inda napep ya sauke mu zuwa ƙofar kilinik ɗin sai da ta dafa bango ta huta.

Nas ta ɗauko abin awon jini, ta danna, bai kama ba. Ta ce batir ne ya mutu, ta mayar cikin durowa. Babu wanda ya nemi wani.

Muka shiga. Yana danna waya, ko kai bai ɗaga sosai ba.

"Hajiya, ya jiki?"

"Da sauƙi, Dakta."

"To madalla. A ci gaba da magani."

Shi ke nan fa. Bai taɓa ƙafar ba, bai ɗora abin sauraren nan a ƙirjinta ba, alhali yana rataye a wuyansa kamar sarƙar ado.

Na ce, "Dakta, don Allah, ba ta iya kwanciya, a zaune take barci. Dubi ƙafarta, takalmi ma ba ya shiga."

Sai a lokacin ya ajiye wayar, ya kalle ni sama da ƙasa. Ya ce, "Ke ce mara lafiyar ko ita? Mai jiki ta ce da sauƙi. Ko za ki zo ki zauna a kujerata ne?" Nas ɗin ta yi dariya.

Na sake buɗe baki, Anti Rabi ta matse mini hannu. A napep ta ce, "Zainabu, ba a yi wa likita musu. Ya san aikinsa." Tana faɗa tana jan numfashi tsakanin kalma da kalma. Na roƙe ta mu wuce babban asibiti, ta ce sai Litinin, kar Dakta ya ji ya ce an raina shi.

Kunyarsa ta ji. Ba ta kai Litinin ba.

Na san kwana ne ya ƙare, kar kowa ya tuna mini a kwament. Na yi imani da ƙaddara. Amma ƙaddara ba ta hana a sa wa na'ura batir ba.

Abin da ya sa na kasa yin shiru shi ne na ɗazu da la'asar. Bayan an kai ta, sai ga likitan nan ya zo ta'aziyya cikin farar shadda, yana ƙamshin turare. Da yake ɗan gida ne, har tsakar gida aka shigo da shi wurin mahaifiyarta, Inna. Ya durƙusa ya ce, "Inna, sai haƙuri. Ni abin ya ba ni mamaki, ai ko shekaranjiya da bakinta ta ce mini da sauƙi."

A gaban uwar da ta haife ta ya ɗora mata laifin mutuwarta, mata suna ta ce masa an gode, Allah Ya ba da lada.

Inna tana da ciwon suga, kuma shi ke duba ta. Akwai gyambo a ƙafarta da aka naɗe da tsumma, duk wanda ya zauna kusa ya san ya fara wari. Da zai miƙe ya ce, "Inna, ya ƙafar?"

Ta ce, "Da sauƙi, ɗan nan."

Ya ce madalla, ya sa takalminsa ya fita.

Gobe da safe ni da Ummi za mu kai Inna babban asibiti. Duk wanda zai ce ba ni da kunya ya faɗa, na yafe masa tun yanzu.

Allah Ya jiƙan Anti Rabi, Ya yafe mata kurakuranta, Ya haskaka kabarinta, Ya ba ta sauƙin gaske wanda ba ta samu a hannun mutane ba. Don Allah duk wanda ya karanta ya yi mata addu'a, ya haɗa da Inna, Allah Ya sa ba mu makara da ƙafar nan ba.