Jiran da Dogo Ya Kashe da Hannunsa

Dogo mai rubuta manhaja ne. Ya ba arba'in baya, har yau a ɗakin baya na gidan yayarsa yake kwana. Nauyin baki gare shi. In ka ji ya yi dogon zance, to kwamfuta yake wa faɗa.

A ofishinsu, gyaran layi ɗaya sai ya sa kwamfuta ta sake harhaɗa manhajar gaba ɗaya, a yi ta zaman jira. Dogo ya san inda matsalar take. Tamfalet ɗinsu, wato ƙira guda da ake zuba bayanai iri-iri a cikinta, an jibge shi kai da ƙafa a cikin heda, fayil ɗin da kowane fayil ke jawowa. Kana taɓa hedar, komai ya koma farko. Maganin ma ya sani tun tuni, amma ya yi gum.

Dalili kuwa, a wannan jiran ne wata abokiyar aikinsa mai gwajin manhaja, wadda teburinta ke bayan nasa, take juyo da kujerarta.

"Malam Dogo, tsohuwar kwamfutar taka ta fara nishi ke nan?"

Sai ta zuba musu shayi, su shiga hira: ciwon ƙafar mahaifinta, cunkoson mota, kyanwar maƙwabta. Sonta yake kamar me, ya kasa faɗa. Yayarsa kan ce, "Zauna nan, kwamfutar ce za ta nemo maka aure."

Ran nan shugaban sashe ya tsaya a kansa. "Jiran nan yana cin mu. Za ka iya gyarawa?"

Dogo bai iya ƙarya ba, abin da ya cuce shi ke nan. Ya bar sunan tamfalet da siffarsa a heda, ya kwashe kayan cikinsa zuwa fayil guda, ya ware nau'o'in da suke amfani da su don a harhaɗa su sau ɗaya tak. Hedojin da ake jawowa ba gaira ba dalili, duk ya yanke su. Abin haushi, aikin ya yi kyau.

Washegari ya gyara layi, ya danna. Kafin ya jingina bayansa an gama.

"Kai, Allah ya yi maka albarka!" in ji mai gwajin manhajar, hannunta na kan aiki. "Yau da wuri zan tafi gida."

Dogo ya waiwaya, ƙeyarta kawai ya gani. Ya nemi abin da zai ce su jira tare, ya rasa.