Waƙar Yaya Saratu da aka raba da amshinta

Shekara takwas ke nan da rasuwar yayata Saratu. Da na bar ranar ta wuce shiru kamar kullum, amma abin da ya faru a majami'armu ta Bodinga watan jiya ya tsaya mini a wuya, sai na faɗe shi.

Mu Kirista ba mu da yawa a nan. Mahaifinmu ya zo aikin duba dabbobi daga wajen Zuru, ya zauna, aka haife mu. Ran Lahadi wasu kan taso daga Shagari, wasu daga Lambara, mu cika ɗaki ɗaya mai rufin kwano. Yaya ce ke ba da waƙa, mata na buga tulu da kacau-kacau, kowa na amshi. Muryarta ba ta da daɗi, ita ma ta sani. Kaushi gare ta, irin na mai tallar daddawa, kuma daddawar take sayarwa a kasuwannin Bodinga da Shagari.

A kasuwar take samo waƙarta. Duk abin da ta ji cikin mako, ran Lahadi sai ya fito. Ta ce, "Wa ya tashi Ishaya daga zazzaɓi?" Mu ce, "Ubangiji ne, mun gode." Ta ce, "Wa ya tsare albasar Ladi ba ta ruɓe ba?" Mu sake amsawa. Akuyar da ta haifi biyu tana shiga, ɗan da ya ci jarrabawa yana shiga. In kuwa gonar wani ta ƙone, takan sassauta murya ta ce, "Wa zai riƙe Bitrus bana?" Kafin a tashi, wani ya yi masa alkawarin dami. Wanda aka kira sunansa yakan sunkuyar da kai don kunya, amma in aka tsallake shi ya yini yana fushi.

Sai ci gaba ya zo mana. Aka sayo piyano da lasifika da janareto, aka ɗinka wa mawaƙa riguna iri ɗaya, aka naɗa Malam Yohanna shugabansu, domin ya yi karatun kiɗa. Ranar da Yaya ta fara riƙe makirufo, lasifika ta fito da duk kaushin nan, matasa suka yi ta ƙunshe dariya. Bayan sujada Malam Yohanna ya durƙusa, don ladabi kam yana da shi, ya ce, "Mama, kin yi wa Ubangiji aiki da yawa. Yanzu ki huta, mu ɗauke miki."

Ta ce to. Ta koma bencin baya. Shekara biyu tana zuwa, tana zama, bakinta a rufe. A gida ma ta daina rerawa in tana daka. Da ta rasu, maƙwabciyarmu Inna Hajo, Musulma ce, wadda katanga kawai ta raba mu, ta shigo gaisuwa ta kama hannuna ta ce, "Rifkatu, mu tun randa munka bar jin muryatta munka san ta kama hanya. Mi kunka yi mata can wurin ibadakku?" 

Watan jiya Malam Yohanna, wanda yanzu furfura ta fara fito masa, ya zo gidana. Wai suna so su raya tsofaffin waƙoƙi, su ɗauka a sa a waya, kuma ta Mama Saratu za ta zama ta farko, don tunawa da ita. Ni kaɗai na rage da na riƙe ta sosai. Zuciyata ta ce in kore shi. Amma na yi tunani, in na mutu da waƙar nan a bakina, wa ya ci riba? Na ɗauki mayafina na bi shi.

Ina fara rerawa ya ɗaga hannu. "Mama, faɗi baitocin kawai, mu za mu sa musu murya."

Na ce masa ba ta da baitoci. Kowane mako sabo ne, sai ka san wa ya kwanta, wa ya tashi, wa ya haihu. Ya yi murmushi ya ce ba za a iya koya wa mawaƙa abin da ke canzawa ba, kuma mutane yanzu ba sa son a kira sunansu a bainar jama'a. Suka zauna suka gyara. Ishaya da Ladi da Bitrus suka fita, aka sa "Wa ya halicci sama da ƙasa?" Gaskiya ce, ban musa ba. Amma wannan kowa ya sani tun kafin ya baro gida.

Da Yaya za ta leƙo yau, da ta ga ginin siminti, da fanka, da kujerun roba. Da ta yaba, don ba ta da hassada. Sai dai da ta tambaya, me ya sa mutum ke zuwa gidan Allah ya naɗe hannu kamar mai kallon ƙwallo? Muna zama kusa da juna, ba wanda ya san abin da ya kwana a gidan ɗan'uwansa. Mawaƙa goma suna yabo a madadinmu, mu kuma aikinmu tafa musu.

Ran Lahadin tunawa da ita aka rera waƙar. Ta yi daɗi, ba zan yi ƙarya ba, murya hawa-hawa. Amma inda jama'a ya kamata su amsa, piyano aka bari ya cike gurbin. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Daga bencin baya can na ce, "Ubangiji ne, mun gode." Aka waiwayo. Baiti na biyu na sake. Sai matar da ke zaunar da mutane ta dafa kafaɗata ta raɗa mini, "Mama, a yi haƙuri, ana ɗauka."

To me ya rage na Yaya Saratu? Sunanta yana nan a saman waƙar, yana yawo a wayoyin mutanen da ba su taɓa ganinta ba. Karin yana nan, an ma ƙawata shi. Abin da ta yi wa hidima duk rayuwarta, wato talaka ya buɗe bakinsa da muryar da Allah ya ba shi ya gode saboda maƙwabcinsa, shi ne ban gani ba. Ina jin haushi, kuma ban ga dalilin ɓoyewa ba.

Bayan an tashi Malam Yohanna ya tare ni a ƙofa, fuskarsa fal murna. Ya ce ɗaukar ta yi kyau ƙwarai, sai dai wuri biyu da wata murya ta shigo daga baya. Ya ce kada in damu, akwai mai gyara a Sakkwato, zai goge ta.