Harshen da Badamasi Ya Hana a Gidansa

Yayana Badamasi mai tsire ne, kamar ubanmu. A Makka aka haife mu, a ƙasar nan muka yi furfura. Shekara talatin da 'yan kai yana gasa nama a wani ɗan shago a unguwar Shisha, mutane na layi, shi kuma yana haɗa yajinsa a bayan labule don kada wani ya ga awon. Taurin kai ne da shi, kuma ni ƙanwarsa Hafsa na fi kowa shan sa.

Ran sunan 'yarsa Maha ya kafa doka: ba a Hausa a gidansa. Ya sha tsokana a makaranta saboda karin harshensa, ya rantse 'yarsa ba za ta sha ba. Na ce masa wauta ce, ya yi wata uku bai kira ni ba. Kusa da shagonsa akwai wani tela ɗan Indiya, Abdulganiyyu, wanda in 'ya'yansa suka yi masa Larabci sai ya yi kunnen uwar shegu har su faɗa da harshen garinsu. Badamasi ya daɗe yana yi masa dariya, wai yana ɗora wa yara kayan da ba kasuwarsu.

Abin da ya manta, ko ya ƙi tunawa, shi ne ƙarshen ubanmu. Malam Rabe ya zo Makka da ƙafa daga ƙasar Katsina, ya yi shekara hamsin yana ciniki da Larabci. Da tsufa ya taɓa masa ƙwaƙwalwa, Larabcin ya zube gaba ɗaya, Hausa kaɗai ta rage. Badamasi ne ya riƙa tsayawa tsakaninsa da likitoci, yana faɗa musu inda ke ciwo.

Shekara uku da suka wuce, wani mai saye ya tambayi yayana a kan nama, ya amsa masa da Hausa, dogon bayani, bai ma lura ba. Telan ne ya ja shi gefe ya gaya masa. Aka je asibiti, likita ya ce ciwon mantuwa ne ya fara. Matarsa ta riga ta rasu, ni kuma ina aure a Madina. Da la'asar Badamasi ya kira ni.

"Hafsa, tsoro nake ji. Abin Baba ne ya zo mini. In Larabcina ya tafi, wa zai ji ni a gidan nan? Zan ce cikina ke ciwo, Maha ta tsaya tana kallona."

Na so in ce masa ai na faɗa maka. Maganar ta zo har bakina, na haɗiye ta, don ni ma tsoro nake ji.

Washegari ya sauke girman kai ya tambayi telan dabara. Abdulganiyyu ya ce ba da littafi ake yi ba. A aiki yaro da harshen, a yi masa faɗa da shi, a sa shi ya iya faɗin wane ne shi. To amma Maha ba yarinya ba ce, shekararta talatin, ga aiki ga miji. Duk da haka ta riƙa zuwa shagon bayan tashi daga aiki. Badamasi ya ɗage labulen da ya hana kowa leƙawa, yana miƙa mata kaya yana faɗin suna: ƙuli-ƙuli, citta, kanumfari, masoro. Kullum kafin ta tafi sai ta jero masa asalinta har kakan ubanta, kamar yadda Baba yake sa mu yi muna yara. In ta yi kuskure sai ya daka mata tsawa, sannan ya juya baya yana share ido. Sauri yake yi, don kowane wata wani abu na ɓace masa, ita kuma harshenta ya riga ya yi tauri.

Bana ana saura kwana biyar a hau Arfa, ina gidan, muka neme shi da hantsi muka rasa. Rana ta take, gari cike da baƙi, ga tsohon da ba zai iya faɗin unguwarsu ba. Maha na gaba a tasi tana leƙa kowane lungu, ni ina baya ina duba ɗaya gefen. Sai bayan azahar wani direba da ya san shi ya kira, ya ce a duba tashar motocin alhazai ta Kudai.

Can muka same shi a inuwar wata motar alhazan Najeriya, zaune a tsakiyarsu, yana ta hira hankali kwance.

"Ya abuya, yalla, ƙum," in ji Maha da Larabci, tana cewa ya tashi.

Ya dube ta kamar bai taɓa ganinta ba, ya matsa jikin wani alhaji. Na buɗe baki zan kira shi, ta riƙe mini hannu.

"La, ya ammati," ta ce, wato a'a, gwaggo. "Ni zan yi."

Ta durƙusa a gabansa, ta juya harshe zuwa Hausa.

"Baba, tashi mu tafi gida."

"Ke 'yar waye?"

"Ni Maha ce, 'yar Badamasi mai tsire, ɗan Malam Rabe, ɗan Muhsin na ƙasar Katsina."

Ya dube ta, sannan ya miƙo hannu ta tashe shi. Muna tafiya wajen mota ya ce mata, "Yarinya, Hausarki da gyara. Ubanki bai koya miki da wuri ba."

"Ya koya mini, Baba," ta ce. "Ina jin ka."