Bushiya Mai Sanƙo

A shekarata ta biyu ina gadi a wani dogon bene a Doha, wata abokiyar aikinmu 'yar Filifin, mai zama a teburin karɓar baƙi, ta ce za ta koma gida. Aka shirya mata 'yar liyafar ban kwana a ɗakin hutun ma'aikata, aka ce kowa ya zo da abin taɓawa. Ni da ko ƙwai na soya sai ya kama kasko, na buɗe baki na ce zan kawo abin da ba su taɓa gani ba.

A waya na ga abin. Wata Baturiya ta dunƙule cuku mai laushi, ta sossoka masa biskit ɗin nan siriri mai gishiri da ake kira firezel, sai ga bushiya sak, har da ɗan hanci. Minti ɗaya ta gama tana murmushi. Na ce ai wannan ko da hannun hagu na yi shi.

Ranar da safe na sayo cuku da firezel da zaitun a kantin ƙasan gidanmu a unguwar Mansura. Wanda muke ɗaki ɗaya da shi direba ne, Bakano, ya girme ni sosai, Yaya nake ce masa. Ya fito wanka ya tarar da ni ina murza cuku a faranti.

"Me kuma ake tuƙawa?"

"Bushiya zan yi, Yaya."

Ya ce, "Ka baro Gusau, ka hau jirgi, ka zo Qatar, don ka yi bushiya."

Ya sa yatsa ya ɗanɗana, ya ɓata fuska. Ya ce wannan abu lami ne, ba zai bari in kunyata Arewa a gaban Indiyawa ba. Ya buɗe akwatinsa ya ciro yajin tsiren da matarsa ta aiko masa, ya zazzage rabi a faranti, muka mirgina cukun a ciki. Gaskiya ya yi launin bushiya.

Sai aka zo soka ƙaya. Yaya ya ce zai taya ni, amma duk tsinken da ya ɗauka sai ya karye, duk wanda ya karye kuma sai ya jefa a baki, wai karyayye ba ya shiga aiki. Sai da ledar firezel ta yi nisa na gane da gangan yake karyawa. Tsinkayen da suka rage gefe da gefe kawai suka isa, tsakiyar baya ta tsaya fayau. Na manna zaitun biyu a matsayin ido, na rufe da leda.

"Yalla, kama hanya," in ji Yaya yana lasar gishiri, "Allah ya kai ta lafiya."

Daga gidanmu zuwa tashar jirgin ƙasa na Metro tafiya ce kaɗan, amma lokacin zafi ne, irin wanda rigarka ke jiƙewa kafin ka tsallaka titi. Da na zauna a jirgi na ɗaga ledar. Bushiya ta baje, ƙayoyin sun kwanta, ido ɗaya ya gangaro kusa da baki. Wani dattijo Balarabe da ke gefena ya leƙo, ya yi salati a hankali, ya matsa kujera ɗaya.

A wajen liyafar kowa ya kewaye farantina. Wani ɗan Nepal ya ce abarba ce. Wani ya ce kunkuru ne mota ta taka. Mai tafiyar ta tsura wa abin ido, ga tsakiya tas, ga gashi gefe da gefe, ga ido yana harara, sai ta toshe baki ta ce, "Wayyo, Oga ka yi mana!"

Ogan namu Ba'indiye ne mai sanƙo, kuma a bayanta yake tsaye. Ni dai na fara tunanin inda na ajiye fasfona. Oga ya sunkuya ya duba, ya shafa kansa, ya ce, "Ai wannan ya fi ni gashi." Ya zare tsinke ɗaya, ya dangwali cukun ya ci. Yajin ya kama shi, ya yi tari, hawaye ya zubo, ya sake dangwala. Kafin a yanka kek an suɗe farantin.

Bayan mako biyu Oga ya kira ni ofis, ya ce 'yarsa za ta yi bikin ranar haihuwa, raƙumi yake so in yi mata. Na kasa cewa a'a. Sau huɗu ina tsayar da shi a kan ƙafafun firezel yana kifawa. A ƙarshe na bar shi a durƙushe, na ce wa yarinyar ya gaji ne, daga sahara ya taso. Ta yarda, har ta kawo masa ruwa a murfin kwalba.