Rabon Baba a Tukunyar Inna

Washegarin Babbar Sallah ta shekarar da na shiga aji huɗu, Inna ta zauna gaban murhu a tsakar gidanmu na Fagada tana soya naman layya cikin kitsensa. Tsakiyar bazara ce, zafi har ƙasa ba ta takuwa. Baba ya bi motar albasa daga Aliero zuwa kudu, ya ce zai dawo kafin Sallah, Sallar ta zo babu shi. Ƙaninsa, Baffa Umaru, shi ya yanka ragon da Baba ya kiwata da hannunsa. Da Inna ta gama rabon maƙwabta, sai ta tsame tsoka masu kyau ta zuba a ƙaramar tukunyar ƙasa, ta kwarara narkakken kitse har ya rufe su. "Wanga rabon babanku na," in ji ta, "kowa ya taɓa, ni da shi."

A gidanmu wanda Sallah ta riska a hanya ba ya rasa rabonsa, ana ajiye masa ne har ya dawo. Amma ajiyar nama a bazara aiki ne. Inna ta rufe tukunyar da faifai, ta rataye a ragaya saboda ɓera da tururuwa. Kullum da safe, kafin mu tafi ɗiban ruwa, sai ta sauke ta, ta hura wutar kara, ta ɗumama har kitsen ya narke ya tafasa. Ba ta yarda jiƙaƙƙen hannu ko cokali mai ruwa ya kusanci bakin tukunyar. Ta kan ɗauki tsoka ɗaya ta duba ko ta yi yauƙi ko fumfuna, sannan ta kai hanci. "Nama in za ya ɓaci, hanci ka fara sani," haka take gaya mini.

Ni kuwa kwaɗayi gare ni, ba na ɓoyewa. Namu ya ƙare da wuri, ƙanshin na Baba kuma yana bin mu har bakin rijiya. Ko muna tsakiyar wasan carafke a ƙofar gida, hankalina yana kan ragayar nan. Na yi roƙo, na yi kuka, na yi fushi na ƙi tuwo, Inna ko gezau. Sai ta tsokane ni, wai idan Baba ya dawo za ta gaya masa ɗiyarsa ta so cinye shi da rai. Duk ƙarar motar da ta taso daga hanyar Jega, sai na ga Inna ta dakata da daka tana saurare.

Wata ranar Laraba da hantsi, tukunyar na kan wuta, Baffa Umaru ya shigo da jakar Baba a hannu. Wani abokin tafiyar Baba ne ya kawo ta daga Aliero. Zazzaɓi ya kama Baba a can kudu, ya rasu, aka binne shi tun kafin a yanka ragon. Ashe duk ɗumamen nan da Inna take yi, mai naman yana ƙarƙashin ƙasa.

Inna ta yi salati, ta sauke tukunyar don kada ta ƙone. Da yamma, gida cike da masu gaisuwa, ta kira ni da ƙannena ɗaki. Ta buɗe tukunyar, ta shinshina kamar kullum, ta ce, "Bai ɓaci ba. Ku ci, ku yi mai addu'a." Naman da na yi ta kuka a kansa, ga shi a tafin hannuna, na tauna na tauna ya ƙi wucewa.

Yanzu ina aure a Jega. Muna da firiza, in wuta ta yi halinta mu sayi ƙanƙara, matafiyi kuma sai a buga masa waya a ji inda ya kwana. Inna ta rasu, tukunyar ma ta fashe tuntuni. Duk da haka kowace Sallah sai na ware rabon wanda ba ya gida, kuma kafin na ajiye sai na kira shi na ji muryarsa.