Wasiƙar da Gaisuwa Ta Yi wa Yawa

Ƙas, ƙas, ƙas. Ina tankaɗe a bakin ƙofa da hantsin wata Juma'a na ji shi. Na ɗauka ƙadangare ne a kan kwanon rufi. Sai da na shiga ɗaki na gane daga cikin kwamfutar Malam ƙarar take fitowa. Ni na kunna ta, kamar yadda na saba duk ranar da aka yi sa'ar wuta, wai don kada zama ya lalata ta.

Malam, mijina, yana koyarwa ne a sakandare a Kabo. Tsohuwar kwamfuta ya saya, yana buga wa makarantu tambayoyin jarrabawa, don albashi ya daina kai mu ƙarshen wata. Lokacin da ciwon hanta ya kwantar da shi 'yarmu tana da shekara biyu. Wata rana ya sa na jingina shi da filo, ya yi ta buga wani abu da yatsa ɗaya har la'asar. Ya ce wasiƙa ce ga yarinyar, a ba ta idan ta iya karatu.

Bayan na fita takaba na buɗe wasiƙar, sau ɗaya. Bismilla, salati, sai gaisuwa. Malam ko gishiri zai aike ka saye, sai ya tambayi kwananka da na mutanen gidanku. Ya gaishe ta, ya tambayi lafiyarta da karatunta, ya ce ta gaishe da kakarta ta Garo in tana raye, da kawunnanta ɗaya bayan ɗaya. Ban kai ga maganar ba hawaye suka rufe min ido. Na kashe. Na ce sai ta girma mu karanta tare. Ban kai an buga min ita a takarda ba, ina jin nauyin baƙo ya ga sirrinsa.

Ranar ƙarar nan, allon ya yi baƙi bai sake kawowa ba. Shekarar da aka hana mu mata hawa acaɓa ce, sai yayana ya raka ni Gwarzo a mota, na rungumo kwamfutar a cinya cikin zane. Mai gyaran yana kusa da tasha, awa ɗaya yake kunna janareta a yini saboda tsadar mai. Ya ce mu dawo bayan mako.

Da muka koma ya miƙo min takardu biyu.

"Hajiya, kin yi makaranta?"

"Na gama sakandare."

"To kin san rajistar aji. Faifan da ke cikin nan yana da tasa rajistar. Kowane rubutu yana da layinsa: sunansa, ranarsa, girmansa, da inda aka ajiye shi. In rubutun ɗan ƙarami ne, ba a ware masa wuri, a cikin layin nasa ake cusa shi. Rajistar na samu na kwashe kafin faifan ya mutu. Sauran wurin ya karce."

"Malam, gajarta mana, azahar ta kusa," in ji Yaya. "Akwai ko babu?"

"Ƙananan suna nan, Alhaji. Manyan, suna kawai."

Na bi takardar da yatsa. "Sabulu, kananzir, maganin tari." Ga shi nan cif. "A tuna wa hedimasta maganar alli." Shi ma. Can ƙasa na ga "Ga 'yata", da rana, da wata lamba, sai fili.

"Wannan da kaɗan ta fi ƙarfin layinta," in ji mai gyaran. "Da ya rage layi biyar ko shida, da tana nan."

A nan na gane wasiƙar gajeriya ce. Na kusa gama ta ranar da na kashe.

Yaya ya kai faifan Kano sau biyu, amsar ɗaya ce. Na san ƙaddara ce, ina kuma neman gafara duk sa'ad da zuciyata ta ce da na sani. Amma na tambayi kowa: abokansa, mahaifiyarsa, limamin da ya yi masa wanka. Bai faɗa wa kowa abin da ke ciki ba. Na taɓa zama da biro zan rubuta abin da nake zaton zai ce, na ga ƙarya zan yi wa mamaci, na ajiye.

Yarinyar tana aji biyu ta tsinci takardun a cikin jakar Alƙur'anina. Ta haɗa baƙi a hankali har ta kai layin.

"Umma, ni ce wannan?"

Na zaunar da ita na gaya mata komai. Sannan na karanto mata abin da na riƙe da ka: yana gaishe ki, yana tambayar lafiyarki, yaya karatu, yaya su Inna ta Garo. Ta durƙusa kamar yadda na koya mata gaida manya, tana cewa lafiya lau, lafiya lau, alhamdu lillahi. Iyakar abin da na riƙe ke nan. Ta jira, kanta a sunkuye. Can ta ɗago.

"Umma, na amsa. Sai me ya ce?"