Jan Gari a Ƙarƙashin Rumbu

A Tsiga na tashi, a hannun Iya, kakata ta wajen uwa. Ni ce 'yar fari, don haka aka miƙa mata ni tun daga yaye. Da kaka, idan an idar da magariba, takan hura wuta da totuwar masara, mu jikokinta mu zagaye ta muna ɓare masara. Ba na magana, sai ta sa mini suna Malama Shiru.

"Ku matso, ga ta nan ta iso da ɗuminta," haka take buɗe tatsuniya. "Malama Shiru, rufe littafin nan, ba zai gudu ba."

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta mace mai rumbu. Matar ta cika rumbunta da dawa, sai ta fara ganin jan gari yana zuba ta ƙasa. Ta kira maƙwabta, suka leƙa ta sama, suka ce lafiya lau. Ashe wani ƙwaro ne ya tare a tsakiya, yana ci daga ciki, ya bar saman da kyau. Kafin bazara rumbu ya rufta, yunwa ta ɗauke matar. Da 'yarta ta girma, ita ma ta ga jan garin a ƙarƙashin nata. Ba ta kira kowa ba. Ta fafe kara, ta soka har tsakiya, yadda masu sayen hatsi ke soka buhu a kasuwar Bakori, ta zaro 'yan ƙwayoyi. Ga ƙwaron a ciki, ƙarami, yana lumshe ido.

Nan Iya takan gyara zama. "Ya ce, yi haƙuri 'yar mutane. Ta ce, ka yi wa uwata haƙuri? Ta ɗora kasko. Ba ta cika wuta ba fa, a hankali ta soya ɗan banza, yana tsalle tana juya shi!" Sai mu fashe da dariya, ta ce ta ƙare, kowa ya kama tabarmarsa.

Ni ke wanke wa Iya kaya. Shekara biyu ina ganin ɗigon jini a zanenta, ita da ta daina al'ada tun ba a haife ni ba. Wani mai tallar magani ya ce mata zafi ne, ya ba ta jiƙo. Ni kuwa na cuɗa zane na yi shiru, don kunya. Ranar da aka kai ta asibiti, aka ce cutar daji ce a mahaifa, ta riga ta bazu. Ba ta ga wata kakar ba.

Ban yafe wa mai maganin ba, ban yafe wa kaina ba, amma cutar na fi riƙewa. Saboda ita nake karatun gwaje-gwajen asibiti a Zariya.

Bara na je hutu Funtuwa, na ga Umma, mahaifiyata, tana shanya zane a bayan ɗaki inda ba mai gani. Ita ma al'adarta ta ɗauke da jimawa. Umma ba ta taɓa kiran sunana ba, ban taɓa haɗa ido da ita ba. Ranar na tsaya a gabanta.

"Umma, jini kike gani."

"Ke! Yaushe bakinki ya buɗe haka?"

"Tun da aka binne Iya. Gobe za mu Zariya."

Likita ta zura wani siririn bututu, ta zuƙo ɗan abin da ke shimfiɗe a cikin mahaifa, aka shafa a gilashi, aka rina. Ba sai an yi makonni ana jira ba, kafin la'asar malamina ya kira ni gaban madubin gwaji. Na kara ido. Ga su nan, ƙwayoyin cutar masu baƙar tsakiya sun cunkushe, amma ba su yi nisa ba. Cikakken gwaji ya tabbatar, aka cire mahaifar.

Na roƙa aka nuna mini ita a cikin kwalba. Na daɗe ina kallo, ban ji tausayi ko kaɗan ba. A zuciyata na ce, ka ci Iya a ɓoye, yau ga ka a kasko.

Da na shiga ɗakin jinya, Umma ta buɗe ido, ta dubi bango, a hankali ta ce, "Malama Shiru, ba ni ruwa."